Rakiyar Jinin Rinus

Duk wanda ya ce maka Evert Kooijman mai sauƙin kai ne, bai taɓa zama a kujerar askinsa ba. Shagonsa na nan a wani lungu a yammacin Rotterdam, tsakanin mai gyaran keke da wata Baturkiya mai gasa burodi. Kujeru biyu ne a ciki, ɗayar ma ta daɗe da komawa wurin ajiye jarida. In ka shiga ka faɗi irin askin da kake so, sai ya saurare ka har ka kai aya, sannan ya yi maka wanda ya ga dama. Ka yi ƙorafi ya ce, "Ƙeyar taka ce, amma ni nake ganinta. Zauna daidai."

Mu dai Gwaggo muke ce masa. Haka muke kiran manyanmu a tsakaninmu, mu maza masu neman maza, wanda kuma abin ya tsaya wa a wuya sai ya kora da ruwa. Sunayen da ake kiranmu da su a bayan ido, da na gaban ido, duk na ji su tun ina da gashi a ka. Ni sunana Teun, na yi aikin ɗaga kaya a tashar jiragen ruwa har bayana ya ce ya gaji, kuma na fi shekara talatin ina aski a wurin Evert, har da yanzu da babu abin askewa.

Farkon zuwan ƙanjamau, lokacin da ake ɗauke mana mutane ɗaya bayan ɗaya ba wanda ya san dalili, wata cibiyar bincike ta nemi maza irinmu su riƙa zuwa duk wata shida. A ɗebi jininka, a tambaye ka da wa ka kwana, ta yaya, me ka sha kafin nan. Jinin kuma a zuba a 'yan kwalabe a adana a firiza don masu bincike na gaba. Mutane da yawa sun ƙi, suka ce tarko ne. Evert ya je tun a sahun farko, alhali kuwa ba abin da yake tsoro a duniya kamar allura. Mutumin da ke wuni da reza a wuyan mutane, sai ga shi ya kau da kai yana zufa don an nuna masa tsinin allura. Wanzami ba ya son jarfa, haka muke ta tsokanarsa har yau.

Ba shi kaɗai ya je ba, tare da Rinus suka je. Rinus ɗan wani ƙauye ne a Zeeland, irin ƙauyukan da ko keke ba a hawa ran Lahadi. Yana aiki a ƙananan jiragen da ke jawo manya zuwa gaɓa, ƙato ne mai ƙaramar murya, kuma shi kaɗai na taɓa gani ya ce wa Evert "yi shiru" ya yi. Sun shekara tara a ɗaki ɗaya a saman shagon. Gwajin farko ya nuna Rinus na ɗauke da cutar, Evert kuwa ba shi da ita, kuma har gobe ba shi da ita.

A 1991 Rinus ya rasu. Evert ne ya yi jinyarsa, shi ke ɗaga shi, shi ke wanke shi, shi ke aske masa gemu a kwance. Da rai ya yi halinsa sai ga dangi da mota, mutanen da ko sau ɗaya ba su leƙo ba. Suka ɗauki gawa suka tafi. Evert ya bi su a jirgin ƙasa da baƙar kwat ɗinsa, mijin yayar Rinus ya tare shi a ƙofar coci ya ce jana'izar ta dangi ce. Bayan shekaru, da wa'adin kabarin ya cika, dangin ba su sabunta ba, aka kwashe shi aka ba wani wurin. Ba wanda ya sanar da Evert, zuwa ya yi da furanni ya tarar da sunan wata tsohuwa.

Abin da ya rage na Rinus a doron ƙasa shi ne 'yan kwalaben nan na jini a ɗakin ƙasa na cibiyar. Shi ya sa Evert bai taɓa fashin zuwa ba. In an gama ɗibar jininsa, ya sha kofin da suke bayarwa ya kushe shi, sai ya sauka matakala ya tsaya gaban firizar da ke kusa da ƙofa. Ma'aikatan duk sun sani, sababbi ma ana gaya musu. Na taɓa raka shi. Ya ƙwanƙwasa murfin da yatsa ya ce, "Ni ne. Ƙungiyar ƙwallonka ta sake shan kashi ran Lahadi. Ga Teun nan, ya ƙara tumbi." Sannan ya juyo ya ce mu tafi kada mai sayar da kifi ya tashi.

Zamani ya juya, magani ya zo, mutuwar ta lafa. Sai wata damuwar ta taso. Samarinmu suka shiga shan ƙwaya don kwanciya, a taru a gidan wani tun Juma'a ba a watse ba sai Litinin, wannan na busa wadda suke kira Tina, wancan na ɗiga wani ruwa a lemo wanda in ya ɗan zarce sai mutum ya faɗi kamar an yanke shi. Cibiyar ta buɗe sabon bincike a kan haka, ƙarƙashin wata likita mai suna Femke, doguwa mai saurin magana, wadda ko haihuwarta ba a yi ba lokacin da Evert ya fara ba da jini. Suka manna sanarwa ko'ina, ba wanda ya je. Wa zai ɗauki ƙafa ya je ya gaya wa baƙuwa abin da ko madubi ba ya so ya sani?

Daga kujerar Evert aka fara zuwa. Yaro zai zauna, Evert ya ɗaura masa ƙyalle a wuya, ya dube shi ta madubi.

"Yaushe rabonka da barci, 'yar nan?"

"Aiki ne ya yi yawa, Gwaggo."

"Aiki? Muƙamuƙinka na ta taunar iska kamar akuya ka ce min aiki. Ni ba uwarka ba ce, ba zan ce ka bari ba, don ba ji za ka yi ba. Amma gobe za ka je wurin Femke a duba ka, kuma duk abin da ta tambaya ka faɗa mata tsakani da Allah. Ranar wanka ba a ɓoye cibi."

"In ta kai ni wurin 'yan sanda fa?"

"Sai ka zo in aske maka kyauta kafin a tafi da kai."

Haka ya riƙa tura su, su kuma suna tura abokansu, har layi ya yi tsawo. Ni ma da furfurata an yi min tambayoyin, na kuwa ba da amsar da ta sa yarinyar da ke tambayar ta ajiye biro ta nemi ruwa. Ba don Evert ya ɗauki masu binciken waliyyai ba ne yake yi. Da suka fitar da rahotonsu na farko suka kira yaran "masu ganganci", har ofis ya bi Femke. Ya ce mata yaron da ubansa ya kora yana ɗan sha bakwai, wanda bai iya bari a taɓa shi ba sai ya gusar da hankalinsa, ba ganganci ke damunsa ba, kuma in suna son jininmu to su iya bakinsu. A bugu na gaba kalmar ta ɓace. Abin da yake faɗa kullum shi ne, in ba mu faɗi namu da bakinmu ba, wasu za su faɗa mana, kuma mun riga mun ji irin nasu.

Ana nan, wata ranar Talata da hantsi ina zaune a shagon, sai ga Femke ta jingine kekenta a waje. Ba ta saba zuwa ba. Ta ƙi zama, ta tsaya tana murza hular ruwanta. Ta ce cibiyar za ta koma sabon gini, kuma kwamitinsu ya yanke cewa duk tsohon jinin da aka ɗiba kafin sabon tsarin neman izini, sai mai shi ya sake amincewa. In ya rasu, danginsa. In ba a samu ba, a ƙona.

"To ai da sauƙi," in ji Evert. "Kawo in sa hannu."

"Baba Evert, ba kai za ka sa ba."

"Wa zai sa?"

"Yayarsa. Ita ce ta rage."

Almakashin da ke hannunsa ya ajiye a hankali. "Ni na wanke kashinsa, 'yata. Ni na rufe masa ido."

"Na sani. Amma ba ku yi aure ba."

"Da wa za mu yi auren, da wace doka? Ranar da ƙasar nan ta ga dama ta yarda mu yi aure, Rinus ya shekara goma a ƙasa."

Ta ce ta faɗa musu duk wannan, ta yi faɗa har muryarta ta dushe, suka ce ƙa'ida ba ta da ido. Ni kam raina ya ɓaci ƙwarai. An yi dokar ne wai don a kare mu, kada a yi wasa da jininmu ba da saninmu ba, sai ga shi ta ɗauki wuƙa da nama ta miƙa wa mutanen da suka rufe mana ƙofar coci.

Ran Alhamis muka hau jirgin ƙasa, daga nan bas, zuwa ƙauyen. Yayar Rinus, Jacoba, ta haura tamanin, mijin nata ya daɗe da rasuwa. Ta gane Evert tun daga taga. Ta buɗe mana, don a wurinsu barin baƙo a waje abin kunya ne ko da maƙiyi ne. Ta zuba kofi, ta buɗe gwangwanin biskit ta miƙa wa kowa ɗaya, ta mayar da murfi. Hancinta da haɓarta sak na Rinus, na ga Evert ya kasa kallonta sosai.

Bai yi mata tsiwa ba, abin da ban taɓa gani ba. Ya yi mata bayani dalla-dalla, ya ce tsohuwar zuma da ita ake magani, jinin mutanen farko shi ke nuna wa likitoci yadda cutar ta faro. Ya ce ba abin da zai fita, ba suna a jikin kwalaben, lamba ce kawai.

"Malam Kooijman," ta ce, "ƙanena ciwon daji ne ya kashe shi. Haka mahaifiyarmu ta sani har ta koma ga Ubangiji, haka garin nan ya sani."

"Ke fa, me kika sani?"

"Na san in na sa hannu a takardar masu binciken waccan cuta, na ƙaryata uwata a kabari."

"Shi ko kabarin ma ba ku bar masa ba."

Ta gyara kofinta a kan faranti. Can ta ce, "Ku shanye, bas ɗin ƙarfe uku ba ya jira."

A hanyar dawowa muka hango gadar shiga gari. Sannan Evert ya ce, "To masu cibiyar ma za su ɗanɗana."

Washegari ya manna takarda a madubin shago: ba mai sake zuwa cibiya sai an bar jinin matattunmu. Tsofaffin da suka shekara arba'in suna miƙa hannu suka daina, kuma su ne ƙashin bayan binciken, don ba a sayen jinin shekara arba'in a kasuwa. Yaran ma suka daina zuwa amsa tambayoyin ƙwaya. Ashe ba Evert kaɗai ke da mutum a ɗakin ƙasan nan ba, da yawa sun yi shiru ne kawai. Shagon ya koma kamar majalisa, kowa na kawo shawara, wani ya ce a kai ƙara, wani ya ce a je a sace firizar, aka tambaye shi a bayan kekensa zai ɗauko ta. Shugabannin cibiyar suka kira taro, suka ba mu kofi mai kyau a karon farko, suka ce sun fahimci raɗaɗinmu. Evert ya ce raɗaɗin nasa ne, su bar masa kayansa, kwalabe ya zo nema. Aka tashi ba a tsinana komai ba. Bazara ta shigo, su ba su motsa ba, mu ba mu motsa ba.

Abin da ya karya yajin ba daga wurinsu ya zo ba. Wani saurayi ne mai suna Yannick, mai tuƙa motar kai kaya, ya zo aski yana ta mutsu-mutsu a kujera.

"Ƙudan zuma ne a wandon naka?" in ji Evert.

Yaron ya sunkuyar da kai ya ce makonni ke nan in zai yi fitsari kamar wuta.

"Ka je an duba ka?"

"Ai kai ka ce kada mu je, Gwaggo. Likitan unguwarmu kuma shi ke duba mamata."

"Kuma ka ci gaba da zuwa wuraren nan naku?"

Yaron ya kau da kai. Evert ya tsaya da reza a hannu yana kallon takardar da ke jikin madubi. Ya kwance wa yaron ƙyalle, rabin kai a aske rabi ba a aske ba, ya ce ya tashi yanzu-yanzu ya tafi wurin Femke, in ya dawo a ƙarasa. Da yaron ya fita ya ɓalle takardar ya dunƙule.

"Ka sallama ke nan?" na ce, don ni a lokacin ban ƙi a yi ta yi har abada ba.

"Sallamawar uwar wa? Ba zan binne masu rai saboda matacce ba, shi ma da zai tashi marina zai yi. Amma ba za a fitar min da shi ta ƙofar baya kamar ɓawon dankali ba."

Ya kira Femke a gabana. Ya ce mutanensa za su dawo, abu ɗaya yake so: ranar da motar shara za ta zo, da lokacin. Ta ce ba ta da izinin faɗa. Ya ce ya sani. Daga ƙarshe ta faɗa.

Ran nan da safe ana yayyafi muka taru a bayan cibiyar, wurin da ake lodin shara. Mun fi talatin, kowa da baƙar kwat, wasu kwat ɗin ta ƙi rufuwa don rabonta da jiki tun jana'izar ƙarshe ta wancan zamani. Yaran ma sun zo, har da Yannick, wasunsu da gani ba su runtsa ba, amma sun zo. Evert na gaba, ya yi wa kansa aski, ya sa farin fure a aljihun ƙirji.

Ƙofa ta buɗe, ma'aikata suka fara fito da robobin sharar asibiti, rufaffu ruf. Femke ce ta fito da na ƙarshe, ita ma cikin baƙaƙen kaya. Ƙa'ida ta hana a damƙa wa wani na waje ko kwalba ɗaya, kowa ya san haka. Ta zo daidai gaban Evert ta tsaya ta ce, "Wannan ya yi min nauyi, Baba. Ko za ka kama min?" Robar ko nauyin jarkar madara ba ta yi ba. Ya kama hannun robar ɗaya ta kama ɗaya, suka taka a hankali har bakin motar, mu kuma muka cire huluna. Na yi kuka, ba na ɓoyewa.

Direban wani ɗan Kap Verde ne, ya leƙo yana kallonmu da mamaki. Aka yi masa bayani a taƙaice. Ya kashe rediyonsa. Da ya tayar da mota sai ya ɗauki tafiyar da ake yi da gawa, mu kuma muka jeru a bayansa cikin motocinmu da fitilu a kunne. Haka muka ratsa gari, muka hau babbar hanya, motar shara a gaba, jerin tsofaffi a baya. Masu sauri suna ta danna mana oda, wani ya zuge gilashi ya zage mu. Ko a jikinmu, mun sha wanda ya fi wannan.

Wurin ƙona sharar yana can bayan gari, tsakanin manyan tankunan mai. Motar ta shige, mai gadi ya sauke sandar ƙofa a gabanmu. Wani jibgegen mutum ne mai jan wuya, ya fito daga ɗakinsa yana duban wannan taro na baƙaƙen kwat.

"Kun ɓata hanya ne? Maƙabarta tana can ƙetaren ruwa."

"Nan muka zo," in ji Evert. "Rakiya muka yi."

"Malam, nan shara ake ƙonawa."

"Yau dai da mutane a ciki."

Direban ya dawo da ƙafa ya raɗa wa mai gadin magana a kunne. Mutumin ya dubi motar, ya dubi Evert da furensa. Ya ce ba zai iya barinmu mu shiga ba, Evert ya ce bai roƙa ba, nan ma ya isa.

"Wani naka ne a ciki?"

"Marinus sunansa. Rinus."

"Ɗan'uwanka ne?"

"Mijina ne."

Ya faɗe ta da ƙarfi yadda na bayan layi ma suka ji. Na zuba wa mai gadin ido ina jiran irin kallon nan da muka saba, har na dunƙule hannu a aljihu. Sai mutumin ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, ruwa na sauka a sanƙonsa, ya miƙo hannu ta saman sandar.

"Sannu da rashi, Malam. Ya haƙuri?"

Tun da Rinus ya rasu, ba wani wanda ba namu ba da ya taɓa yi wa Evert gaisuwar mutuwarsa. Ya daɗe yana kallon hannun, sannan ya kama.

"Da godiya," ya ce. "Ta makara da shekara talatin, amma na karɓa."